Shin akwai riba a tara gidajen harsashi kafin Amurka ta hana sayar da su?

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce abokin aikinsa ya matsa masa su haɗa kuɗi su saro gidajen harsashi masu cin guda 30, su kimshe a gida, wai gwamnati na gab da hana sayar da su, kuma ranar da ta hana kuɗinsu zai ninka. Yana son ya san dalilin da ya sa Amurkawa ke rububin wannan abu duk lokacin da aka fara zancen sabuwar doka, da kuma ko da gaske ana cin riba.

Malam, sannu da hidima, Allah ya ba da abin da aka fita nema. Amsar da zan ba ka a taƙaice ita ce kada ka sa ko sisinka. Amma na san abokin naka ba zai bar ka da wannan ba, zai kawo maka labarin waɗanda suka samu, kuma wasu daga cikin labaran nasa gaskiya ne. Don haka bari in bi maka maganar daga tushe, domin na daɗe ina bibiyar dokokin makamai na ƙasar nan da yadda kasuwarsu ke motsi.

Abin da ake magana a kai shi ne wanda sojoji da 'yan sandanmu ke kira magazin: ɗan akwati na roba ko na ƙarfe, da sifirin a cikinsa da ke turo harsashi ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin bindiga. Bindigar AR-15, wadda ta fi kowace doguwar bindiga farin jini a Amurka, galibi da mai cin 30 ake sayar da ita. Ƙaramar bindiga Glock 17 tana zuwa da mai cin 17, Glock 19 kuma mai cin 15. A lokacin da kasuwa take kwance, na AR-15 ɗin ba ya wuce dala 10 zuwa 15. A dokar tarayya ba a lissafa shi a matsayin bindiga, saboda haka ba shi da lambar shaida, ba a bincikar tarihin mai saye, kuma a yawancin jihohi ana iya aiko maka da shi har ƙofar gida. Ba ya ruɓewa, ba ya cin wuri. Bindiga kuwa sai ka kashe ɗaruruwan daloli, in a shago ne sai ka cika takarda an tura sunanka ga hukumar FBI. Shi ya sa mai neman abin ɓoyewa idonsa ke fara sauka kan gidan harsashi.

Duk wannan ɗabi'a daga shekarar 1994 ta samo asali. A ranar 13 ga Satumba na wannan shekara Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata babbar dokar yaƙi da laifuka, a cikinta akwai sashen da Sanata Dianne Feinstein ta jagoranta, wanda ya hana ƙera wasu nau'o'in bindigogi da kuma duk wani gidan harsashi da ke cin fiye da guda 10. To amma don a samu ƙuri'un da za su wuce da ita, sai aka bar wata ƙofa a buɗe: duk wanda aka riga aka ƙera kafin ranar sa hannu halal ne, a riƙe shi, a sayar, a sake sayarwa. Sababbin da aka ƙera wa 'yan sanda da sojoji bayan ranar sai aka riƙa buga masu tambari don a bambance su.

Ka ga abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa. Watanni aka kwashe ana muhawara a majalisa, kowa ya san abin da ke tafe. Masana'antu suka riƙa aiki ba dare ba rana, dillalai suka cika ɗakunan ajiya. Christopher Koper, wanda ya yi wa Ma'aikatar Shari'a ta Amurka nazarin tasirin dokar a 2004, ya kawo ƙiyasin masu harkar cewa a 1995 akwai irin waɗannan gidajen harsashi kimanin miliyan 25 a ƙasar. Daga 1995 zuwa 2000 kuma aka ƙara shigo da wasu miliyan 4.7 daga ƙasashen waje, da hujjar cewa su ma kafin doka aka ƙera su. Farashi ya tashi, musamman na ƙananan bindigogi irin su Glock da ba su da tarin tsofaffin kayan soja da za a ɗebo. Wanda ya riƙe irin waɗannan a shekarun 1990 ya ci riba, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai dokar da wa'adinta ta zo, shekara goma. Ranar 13 ga Satumba 2004 ta faɗi, majalisa ba ta sabunta ta ba, masana'antu suka koma ƙira, wanda bai sayar da nasa ba ya wayi gari da kayan da kowane shago ke da sabonsa a araha.

Akwai wani labarin da ya fi wannan cin zuciyar masu wannan lissafi. A 1986 aka rufe rajistar sababbin bindigogi masu ɓarin wuta ga farar hula. Waɗanda aka yi wa rajista kafin 19 ga Mayu 1986 su kaɗai ake iya saye da sayarwa har yau, kuma ba a ƙara ko guda. Bindigar da a lokacin ba ta kai dala dubu biyu ba, yanzu dubun-dubatar daloli ake maganarta. Duk wanda ka ji yana cewa a tara a ajiye, wannan hoton ne a kansa. Abin da yake mantawa shi ne waɗancan ƙidayayyu ne, kowace da takardarta da lambarta, adadinsu 'yan dubban ɗaruruwa. Gidajen harsashi kuwa ƙungiyar masu masana'antar bindigogi ta NSSF da kanta ta ce waɗanda ke cin fiye da 10 da aka fitar kasuwa tsakanin 1990 da 2021 sun haura miliyan 700. Ko da ka rage wani abu daga adadin saboda masu kayan ne suka faɗa, abin da ya kai wannan yawa ba ya zama gwal.

Yanzu ga shekarar da ya kamata abokinka ya yi nazari sosai, domin ita ce ta fi kama da abin da yake son ku yi. Ranar 14 ga Disamba 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a garin Newtown na jihar Connecticut, ya kashe yara 20 da manya 6. Da gidajen harsashi masu cin 30 ya yi aikin, ya harba 154 cikin ƙasa da minti biyar. Shugaba Obama ya fito ya ce dole a yi wani abu, Feinstein ta ce za ta dawo da dokarta. Kafin a gama jana'izar yaran, kasuwa ta kama da wuta. Kamfanin Brownells, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da kayan bindiga, ya sanar cewa cikin kwana uku ya sayar da gidajen harsashin da a ka'ida sai ya yi shekara uku da rabi yana sayarwa. A watan Disamban nan FBI ta yi binciken masu sayen bindiga kusan miliyan 2.8, adadin da ba a taɓa gani ba a wata guda kafin lokacin. Gidan harsashin roba na kamfanin Magpul, wanda ake kira PMAG, ya ɓace daga shaguna, ya bayyana a shafukan gwanjo na intanet a ninki uku, ninki huɗu na kuɗinsa. Har ƙananan harsasai na .22 da yara ke koyon harbi da su suka yi wuya, mutane na sammakon layi a manyan kantuna ranar da mota za ta sauke kaya, su kwashe su kai kasuwar bindigogi ta ƙarshen mako. Wanda ya ga 'yan bumburutu a ranar da gidajen mai suka rufe ya san irin wannan ciniki.

Sai ranar 17 ga Afrilu 2013 ta zo. Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a. Ƙudirin Feinstein ya samu 40, aka ƙi shi da 60. Wanda ya shafi gidajen harsashi kaɗai ya samu 46, aka ƙi da 54. Ko na faɗaɗa binciken masu saye, wanda sanatoci Manchin da Toomey suka kawo, ya tsaya a 54 bai kai 60 ɗin da ake buƙata ba. A halin nan kuma masana'antu sun ƙara injina, sun ƙara ma'aikata. Cikin 'yan watanni kaya suka cika shaguna, farashi ya koma inda yake, daga baya ma ya yi ƙasa da haka. Waɗanda suka ci riba su ne masana'antu, da manyan dillalai, da tsirarun da dama suna da kayan a hannu kafin 14 ga Disamba kuma suka sayar a watan Janairu. Wanda ya ji labari ya shigo daga baya, ya saya a dala 40 ko 50 yana jiran ya kai 100, shi ne kayansa suka yi kwantai. Kuma ka lura, a lokacin da magana ta kai ga abokin aiki yana jan hannunka a wurin cin abinci, kai ne na bayan.

An sake maimaita haka a 2016. Dillalai suka ɗauka Hillary Clinton ce za ta ci zaɓe, suka cika ɗakunan ajiya. Trump ya ci, tsoro ya kwanta, ciniki ya faɗi. Kamfanin Remington, wanda ya haura shekara 200 yana ƙera bindiga, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Maris 2018. Bashin da ke kansa tun da can yana cikin dalilai, amma mutuwar kasuwar ce ta ƙarasa tura shi. In kamfani irin wannan bai iya karanta siyasar daidai ba, ban ga yadda ku biyu za ku iya ba. A Yulin 2022 ma Majalisar Wakilai ta amince da sabon haramci da ƙuri'a 217 da 213, ya je Majalisar Dattawa ya mutu a can. Muddin ana buƙatar sanatoci 60 kafin irin wannan ƙudiri ya wuce, dokar tarayya abu ce mai nisa.

Inda dokoki ke wucewa da gaske shi ne jihohi, kuma a nan ne lissafin abokinka ya fi rushewa. Ribar da yake hange ba ta samuwa sai doka ta zo da siffa guda tak, irin ta 1994: a hana ƙera sabo, a bar tsoho a hannun mutane, a kuma yarda su sayar wa juna. Masu rubuta dokokin jihohi sun ga abin da ya faru a 1994, sun koyi darasi. Jihohi fiye da goma suna da iyaka a yau, kuma mafi yawansu sun toshe ƙofar sayarwa.

Ɗauki Kolorado. Bayan harin gidan sinima na Aurora a Yulin 2012, inda aka kashe mutum 12, gwamna John Hickenlooper ya sa hannu a watan Maris 2013 kan dokar da ta tsayar da iyaka a 15, ta fara aiki 1 ga Yuli. Kamfanin Magpul a jihar yake a lokacin. Ya ba mazauna jihar fifiko wajen saye, aka yi ta jigilar kaya har daren ƙarshe, ya raba 1,500 kyauta a wani gangami kwana biyu kafin wa'adi, daga baya ya kwashe masana'antarsa ya koma Cheyenne a Wyoming, ofishinsa kuma Teksas. A watan Satumba masu zaɓe suka yi wa sanatocin jihar biyu kiranye, John Morse da Angela Giron, saboda sun goyi bayan dokar. Duk da wannan hayaniya, abin da dokar ta ce shi ne wanda ke da shi kafin 1 ga Yuli ya ci gaba da riƙe abinsa, amma ba zai sayar ba, ba zai bayar ba. Wanda ya tara kwali goma don ya sayar wa maƙwabta ya tara abin da sayar da shi laifi ne.

Wasu jihohin sun wuce nan. Niyok a dokarta ta Janairun 2013 ta soke yafiyar da tsofaffin kaya ke da ita, ta ba mutane shekara guda su fitar da su daga jihar ko su rabu da su. New Jersey a 2018 ta rage iyaka daga 15 zuwa 10, ta ba da kwana 180 a miƙa, a lalata, ko a toshe su yadda ba za su ci fiye da 10 ba. Connecticut ta ce wanda ke da su ya je ya bayyana wa hukuma. Jihar Washinton tun 1 ga Yuli 2022 ta hana sayarwa da shigowa da su, kuma ba wasa take yi ba: wani shagon bindigogi a garin Federal Way da aka kama yana ci gaba da sayarwa ya ƙare da amincewa ya biya dala miliyan 3. To in ka fitar da kayan zuwa jihar da babu doka, can ɗin shaguna cike suke da sababbi a dala 12, wa zai sayi naka da tsada? In kuma ka kai su inda aka hana, inda farashin ɓoye ke da tsoka, ka zama mai fasa ƙwauri, kuma a wurare irin Kalifoniya wannan laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Kuɗin yana inda hukuncin yake. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ko gwamnatin tarayya ba lallai ta sake barin ƙofar 1994 ba. Bayan harin Las Vegas na 1 ga Oktoba 2017, mutane sun yi wawason wata na'ura da ake ɗaura wa bindiga ta riƙa harbi da sauri kamar mai ɓarin wuta, irin wadda maharin ya yi amfani da ita. Gwamnatin Trump ce ta haramta ta, daga 26 ga Maris 2019, ta ce kowa ya lalata tasa ko ya miƙa, babu diyya. Kotun Ƙoli ta soke haramcin a Yunin 2024, amma wanda ya bi doka ya fasa tasa shekara biyar kafin nan, kuɗinsa sun tafi.

Ya kamata in yi wa masu bindiga adalci a nan, domin mafi yawan masu sayen nan ba 'yan sari ba ne. Gidan harsashi shi ne ɓangaren bindiga da ya fi saurin gajiya: sifirin ya saki, bakinsa ya buɗe ko ya tsage, bindiga ta fara sarƙewa. Mutumin da ke zuwa filin harbi duk mako, ya ji ana cewa daga wata mai zuwa ba zai ƙara samun irin wanda bindigarsa ta zo da shi ba, in ya sayi biyar ko goma ya ajiye bai yi abin mamaki ba. Ga kuma aƙida. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba su 'yancin riƙe makami, kuma da yawansu sun yi imani da zuciya ɗaya cewa kowace iyaka matakin farko ne na ƙwace bindigogin gaba ɗaya. Ga irin wannan mutum, sayen nan kamar kaɗa ƙuri'a ne. Ban yarda da duk abin da suke faɗa ba, amma na san ba kwaɗayi ne ke tura su ba. Masu tallan da ke aiko masu da saƙo suna cewa saura kwana kaza, su ne suka san darajar wannan tsoro a kuɗi.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari bai shafi aljihunka ba. Rububin nan yana canza ƙasar, ko doka ta wuce ko ba ta wuce ba, kuma ta hanyoyi biyu.

Ta farko, yana kashe wa dokar kaifi tun kafin a haife ta. Koper ya nuna cewa kafin 1994 bindigogin da aka haramta ba su wuce kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na waɗanda ake aikata laifi da su ba, amma masu manyan gidajen harsashi sun kai kashi 14 zuwa 26. Wato ɓangaren gidan harsashin ne ke da damar yin tasiri, kuma shi ne tarin kayan kafin doka ya shaƙe. Jaridar Washington Post ta duba bayanan 'yan sandan jihar Virginia ta ga cewa sai wajen 1998, shekara huɗu da fara dokar, aka fara ganin raguwar irin waɗannan a hannun masu laifi, suka kai mafi ƙaranci a 2004, daidai shekarar da dokar ta faɗi, zuwa 2010 kuma suka ninka. Rumbun ya fara yin ƙasa ke nan aka sake buɗe ƙofa. A yau da ake maganar ɗaruruwan miliyoyi, doka irin ta 1994 sai ta yi shekaru masu yawa kafin a ji ɗuriyarta.

Ta biyu ta fi zurfi, kuma mutane kaɗan ne ke lura da ita. A shari'ar Heller ta 2008 Kotun Ƙoli ta ce makaman da tsarin mulki ya kare su ne waɗanda jama'a masu bin doka suka saba riƙewa. Hukuncin Bruen na 2022 ya ƙara tsaurara wa gwamnati, ya ce sai ta nuna cewa dokarta tana da makamanciya a tarihin ƙasar. To kowane kwali da aka saya cikin firgici yana ƙara adadin da lauyoyi za su kai gaban alƙali su ce, ga shi nan, abu ne da kowa ke da shi. A Kalifoniya an ga haka ƙarara. Jihar ta hana sayarwa tun shekarar 2000, masu zaɓe suka ƙara da hana mallaka a ƙuri'ar raba gardama ta 2016. Ranar 29 ga Maris 2019 alƙalin tarayya Roger Benitez ya soke dokar, kuma kafin a dakatar da hukuncinsa ranar 5 ga Afrilu, mako guda cur, dillalai daga ko'ina a ƙasar suka yi ta tura kaya jihar har wasu suka ƙarar da abin da ke hannunsu. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta tabbatar da dokar a Maris 2025, amma abin da ya shiga a makon nan ya riga ya shiga gidajen mutane. A jihar Washinton ma, a Afrilun 2024, wani alƙali ya soke tasu dokar, aka dakatar da hukuncin kafin a cika awa biyu, amma a ɗan tsakanin nan layi ya riga ya kafu a shagon da ya kai ƙarar.

Shi ya sa nake ganin laifin 'yan siyasar da ke fitowa gaban kyamara su yi alkawarin haramci alhali sun san ba su da ƙuri'un. Niyyarsu na iya zama mai kyau, amma abin da ya biyo bayan alkawarin 2013 shi ne ƙarin miliyoyin gidajen harsashi a hannun jama'a, dokar kuma babu ita.

Za ka iya tambaya, shin girman gidan harsashin ma yana da wani tasiri, ko duk hayaniya ce? Yana da shi, amma a wani keɓaɓɓen wuri. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu, kuma wannan harsashi ɗaya yake buƙata. Yawancin kisan kan titi ma harbi kaɗan ne. Masu adawa da iyaka suna kawo harin jami'ar Virginia Tech na 2007, inda aka kashe mutum 32 da gidajen harsashi masu cin 10 da 15, suna cewa gwani yana canza wani cikin daƙiƙa biyu ko uku. Gaskiya ne. Amma ga harin garin Tucson, 8 ga Janairu 2011, ranar da aka harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords aka kashe mutum 6. Maharin ya zazzage mai cin 33, ya tsaya zai saka wani, a nan mutane suka danne shi, wata dattijuwa Patricia Maisch ta fizge gidan harsashin daga hannunsa. Da mai cin 10 ne, da wannan tsayawar ta zo tun da sauran mutane a tsaye. Iyayen yaran Sandy Hook sun shaida wa 'yan majalisa cewa yara 11 sun tsere daga aji ɗaya a lokacin da maharin ya dakata. Wani nazari da Louis Klarevas da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, kan manyan hare-hare daga 1990 zuwa 2017, ya gano cewa waɗanda aka yi da manyan gidajen harsashi sun fi yawan mamata da kashi 62 cikin ɗari a matsakaici. A ganina waɗannan daƙiƙun suna da daraja. Kuma tunda abin ba shi da lamba, babu binciken mai saye, wanda ya sayar wa baƙo a filin ajiye motoci ba zai taɓa sanin inda kayansa suka kwana ba. Ni dai ba zan so cin abincina ya rataya a kan jiran ranar da za a kashe 'ya'yan wasu farashi ya tashi ba, kuma wannan ciniki a kan haka yake tsaye.

Saura abu biyu da suka shafe ka kai kanka, waɗanda abokinka, in ɗan ƙasa ne, ba su dame shi ba. In da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara kake zaune, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga da harsashi, sai da 'yan keɓance-keɓance ƙalilan kamar mai lasisin farauta. Gidan harsashi shi kaɗai ba ya cikin wannan jeri, amma mai tara shi da kwali yana yawo ne a bakin ramin, kuma ko katin zama na dindindin gare ka, hukunci kan laifin da ya shafi makami yana cikin abubuwan da ke sa a kori mutum daga ƙasar. Shi in an kama shi tara ce ko ɗauri, kai kuwa har da zamanka da na iyalinka.

Na biyun, in kayan suka yi kwantai, wani zai zo ya raɗa maka cewa a gida ana nemansu, a cusa su cikin mota ko kwantena. Fitar da kayan bindiga daga Amurka ba tare da lasisin gwamnati ba babban laifi ne na tarayya, ana ɗaure mutane shekaru a kansa. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta haramta wa farar hula bindigogin yaƙi, shigo da kayansu ba izini laifi ne mai nauyi. Ka kuma san hannun da irin waɗannan kaya ke ƙarewa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ka san ƙauyukan da aka tasa. Duk wanda ya kawo maka wannan shawara, ka yanke hulɗar kuɗi da shi a ranar.

Ka gaya wa abokin naka ka gode, ka ce kuɗinka suna da wurin zuwa. In ya nace, ka tambaye shi wace doka yake jira, a wace majalisa take, ƙuri'a nawa take da su, kuma wane sashe nata ne ya yarda a sayar da tsofaffin kaya bayan ta fara aiki.